Kalmar Sirri Ita Ma Amana Ce

Mu mutanen Kilomita Biyar mun san darajar takarda. Rikicin da ya ɓarke a Bangui ranar 5 ga Disamba 2013, da gudun hijirar dubban 'yan'uwa zuwa Cadi da Kamaru a 2014, sun raba gidaje da yawa da takardun haihuwa, da na filaye, da littattafan bashi. Wanda ba shi da takarda kuwa, ko a garin da aka binne cibiyarsa sai a kira shi baƙo. Shi ya sa a ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa muke ɗaukar hoton kowace takarda mai muhimmanci, muna adanawa a wata babbar kwamfuta mai aiki da tsarin Ubuntu, wadda yaranmu ke kira saba.

To, sai magana ta taso: wa zai riƙe makulli? Dattawa suka ce a sa kalma guda kowa ya sani, yadda ake ajiye makullin rumfa wurin maƙwabci. Samari suka ce ƙofar kwamfuta daban take. Da zarar an haɗa ta da intanet, na'urorin ɓarayi daga ko'ina a duniya za su yi ta ƙwanƙwasawa dare da rana, suna gwada kalmomi irin su 123456 ko Allah zai sa su dace. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga abin da muka tsayar. Kowane ɗan kwamiti da sunansa da kalmarsa, domin kwamfutar ta rubuta wanda ya shiga da lokacin shigarsa. Kalmar ta zama doguwa, kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka, a gauraya Hausa da Sango, ban da sunan ɗa ko lambar waya. Wanda ya yi kuskure sau biyar, ƙofa ta rufe masa na ɗan lokaci. Asusun maigida, wato root, mun hana a shige shi daga nesa, masu aiki daga nesa kuma da makullin SSH suke shiga. Ba ma tilasta canza kalma kowane wata, domin tun 2017 hukumar NIST ta Amurka ta ba da shawarar a daina hakan, sai in an ga alamar sirri ya fita.

Abin da ya fi ɗaukar mana lokaci shi ne babbar kalmar kanta. Shekarar 2014 ta koya mana cewa mutum kan kwana a gida ya wayi gari a kan hanyar Garoua-Boulaï. In kalmar tana kan mutum ɗaya, ranar da ya tafi takardun jama'a sun tafi da shi. Saboda haka muka rubuta ta, muka liƙe a ambulan biyu, muka damƙa wa dattawa biyu, ɗaya a nan, ɗaya a Kamaru, ba a buɗewa sai gaban shaidu. Wanda ya bar kwamiti kuma a ranar ake rufe asusunsa, kuma mun yarda wannan ba zargi ba ne.

'Yan'uwa masu ƙungiyoyi a Bambari da Berberati da sauran garuruwa, ku zauna ku yanke wannan shawara tun ana zaman lafiya. Allah ya tsare mana amanarmu, amin.