Farautar Yoyon Baƙin Mai

Jama'ar Zango, dattawa da fatake, ina neman izini in yi magana a kan wani ciwo na manyan motoci wanda ke cin dukiya a hankali kamar gara, watau yoyon baƙin mai. Da yawa cikinku ba ku taɓa riƙe sifana ba, amma kayanku ne a bayan lori, kuma ran da mai ya ƙare inji ya ƙone a dajin da ke tsakanin Kintampo da Buipe, goron da zai bushe a rana naku ne.

Lorina tana kai goro daga Kumasi zuwa Bawku, ta komo da albasa. Cikin kakar 2022 sai ta soma shan mai. Kafin a kai Tamale, tafiyar kimanin kilomita 380, sai yaron mota ya ƙara galan guda, kuma duk inda ta kwana ta bar baƙin tabo a ƙasa. Sau uku tana shiga gareji. Na fari aka sake gaskit ɗin kaskon da mai ke taruwa a ƙarƙashin inji. Na biyu aka sake sil ɗin gaba. Kowane karo yoyo ya ɗan lafa mako guda, kana ya komo. A na uku aka ce sai an sauke giyabos a sake sil ɗin baya, aikin kwanaki da kuɗi masu nauyi, ga kasuwar goro tana ci.

Ban ce makanikan nan sun yi ha'inci ba. Kowannensu ya kwanta ƙarƙashin mota ya duba inda mai ke ɗiga, ya gyara wurin. Amma wanda ya taɓa kwana a ɗaki mai yoyo ya san inda ruwa ke ɗigo masa ba nan ramin rufi yake ba. Mai yana gangarowa daga sama, fanka da iskar tafiya suna kora shi baya, har ya taru a wuri mafi ƙasa. Saboda haka kasko da sil ɗin baya sukan ɗauki laifin da ba nasu ba.

Wani abokin ciniki ya kai ni wurin wani dattijon makaniki a Suame Magazine. Ya zaga motar sau ɗaya ya ce, "Alhaji, yau ba za mu kwance ko ƙusa ɗaya ba. Wanka za mu yi mata." Aka wanke injin da kananzir da sabulu har ƙarfe ya fito fes, aka bar shi ya bushe, aka shimfiɗa farin kwali a ƙasa ya kwana. Da safe ya shinshina ɗigon da ke kan kwalin, domin ya tabbata na inji ne: man inji na motar dizal baƙi ne wuluk, man giya kuwa ya fi kauri, yana da wari mai hawa kai irin na farar wuta. Sannan ya barbaɗe jikin injin da farar hoda, aka tayar, aka bar shi ya yi zafi, ya bi shi da tocila yana neman sawu mafi tsawo daga ƙasa. Na ji yanzu akwai wani ruwa da ake zubawa cikin mai, ya yi ƙyalli in an haska masa wata irin fitila, amma hodar nan ta wadatar da mu.

Sawu ya fito wuri uku. Ɗaya a kusurwar baya ta murfin kan inji, yana gangarowa daidai mahaɗar inji da giyabos. Ɗaya a bakin bututun sandar awon mai. Na uku a sabon sil ɗin nan na gaba da aka sa wata guda kacal. Na ce, "Baba, ashe duka za a sake?" Ya ce a'a, in mai ya ɓullo ta ƙofa uku lokaci guda, wani abu ne ke tura shi daga ciki.

Ga yadda ya bayyana mini. Kowane inji, komai lafiyarsa, ɗan hayaƙi yakan sulale ta gefen ringi ya shiga cikin injin inda mai yake. Don haka aka yi masa bututun numfashi da zai fitar da hayaƙin. In dauɗar tsohon mai da ƙurar hanya suka toshe bututun, iska ta rasa mafita, sai ta matsa mai ta kowace kafa mai rauni. Ka toshe nan da sabon gaskit, ta nemi can. Ya buɗe murfin zuba mai injin yana aiki, ya ɗaure leda a bakin, nan da nan ta kumbura kamar tumbin rago. Da aka cire bututun, sai ga shi cunkushe da baƙin laka mai tauri, ko tsinke ba ya wucewa.

Aka wanke bututun da ragar da ke cikinsa, aka sa sabon gaskit a murfin kan inji, aka ɗaure ƙusoshinsa daidai ba tare da matsi ba, gama ɗauri fiye da kima yakan murƙushe gaskit ya sa shi yoyo. Aikin duka bai kai la'asar ba. Dattijon ya gargaɗe ni cewa injin ya manyanta, in na ga hayaƙi yana tuttuɗowa da ƙarfi daga bututun ko da yake a buɗe yake, to ringi sun ci, sai a shirya babban aiki. Tun daga ranar yaron mota yana duba sandar awo a Techiman da Tamale, yana leƙa bututun duk lokacin juyen mai. Sil ɗin baya kuwa, wanda aka so a sauke giyabos dominsa, har yau shi ne a jikin motar.