Yaranmu sun ci BAC, sai ina kuma?

Bana a gidanmu yara biyu suka ci jarabawar BAC, ƙanwarmu da ɗan yayanmu. Aka yi guɗa, aka raba goro da dabino, da baƙi suka watse sai muka zauna kan tabarma da maganar da ta fi jarabawar wuya: wace jami'a za su je, kuma da wane kuɗi?

Mu a zamaninmu babu wannan gardama. Wanda ya ci BAC a Diffa hanyarsa ɗaya ce, ya hau mota zuwa Yamai, sama da kilomita 1,300, ya shiga jami'ar Abdou Moumouni. Ita ce uwa, tun 1971 aka kafa tushenta, kuma har yau duk fannin da kake so, likitanci ne, shari'a, noma ko adabi, za ka same shi can. Sai dai mun san abin da muka gani: cunkoso a ɗakin karatu, haya mai tsada, ga nisa. In aka yi rasuwa a gida, kafin ka iso an gama sadakar uku.

Yanzu abin ya sake. A 2010 aka kafa jami'o'in Damagaram, Maraɗi da Tawa, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas, Doso, Tilaberi da tamu ta Diffa.

Ƙanwarmu likita take so ta zama, to ita maganarta ba ta yi tsawo ba, tunda tamu ta nan ba ta koyar da likitanci. Jami'ar André Salifou ta Damagaram tana da sashen kiwon lafiya, haka ma Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi. Muka zaɓi Damagaram. Ba wai mun auna malamai mun ga waɗancan sun fi waɗannan ba, a'a. Kilomita ɗari huɗu da ƴan kai ne, tafiyar yini guda, kuma muna da goggo a unguwar Birni da za ta riƙe ta. Karatun shekara bakwai ko fiye ne. Inna ta ce, "Ni dai a kai ta inda in ta kwanta ciwo akwai mai dama mata kunu." Babu wanda ya ja da ita.

Ɗan yayanmu ne ya tayar da ƙura. Shi kam ko ina ne, ban da Diffa. Wai abokansa za su yi masa dariya, ya gama lise a nan kuma ya yi jami'a a nan, kamar wanda aka ɗaure. Da muka tambaye shi me yake so ya karanta, sai ya ce noma. To a nan muka tsaya masa.

Jami'ar Diffa ƙarama ce, yarinya ce, kuma ta buɗe ido cikin wahala, don ba ta jima da kafuwa ba aka kawo hare-haren Fabrairun 2015, aka sa dokar ta-ɓaci. Ba za mu ce ta kai Maraɗi yawan malamai da kayan aiki ba. Amma abin da ta sa gaba shi ne noma da muhalli, kuma abin karantawar yana bakin ƙofa. Ga tattasan bakin Komadugu da muke ci muke sha da shi, ga tsutsar da ke cinye shi, ga ambaliyar da ta shanye gonaki da gidaje a 2019 da 2022. Ga rairayi yana binne kwaruruwan dabino da kanwa a wajen Maine Soroa da Gudumariya, ga tafkin Cadi. Yaron da ke jin Barbarci da Hausa, wanda ya taso yana ban ruwa a gonar kakansa, in ya je bincike wurin manoma ba ya neman tafinta. Wani daga Yamai sai ya biya kuɗin mota kafin ya ga abin da shi yake gani kyauta.

Sai lissafi, wanda yara ba sa son ji. A gida ba haya, ba kuɗin abinci. A waje kuwa, mu da muka yi mun sani, kuɗin tallafi yakan yi jinkiri, ka yi ta buga waya gida, gidan kuma buhun tattasai ake jira a sayar. Yara biyu a waje lokaci guda, gonarmu ba za ta ɗauka ba.

Kawunmu ya kawo maganar ƙetare. Jami'ar Maiduguri tun 1975 take, da suna, ga kuma ta tarayya a Gashuwa a bakin kogin nan namu. Da can mutanenmu da yawa sun bi wannan hanya. Amma karatun da Turancin Ingilishi ne, yaro ya yi shekara goma sha uku da Faransanci, ga halin da hanya take ciki. Maganar ba ta kai ko'ina ba. Wanda yake son Larabci da addini kuwa, jami'ar Musulunci ta Say tana nan, wanda yake son shari'a ko tattalin arziki ya duba Tawa.

A ƙarshe yayanmu ya yanke: ya yi lisans ɗinsa na shekara uku a nan, in ya fito da maki mai kyau, mastar a Maraɗi ko Yamai, mu duka za mu haɗa kuɗin. Yaro ya ce, "Baba, a rubuta." Aka yi dariya, amma sai da aka rubuta masa a bayan takardar sayen taki, kowa ya sa hannu. Har yanzu yana ɗan kumbure-kumbure, takardun rajista dai ya kai. Ƙanwarmu kuma ta fara ɗaure kaya, Inna ta riga ta ware mata busasshen kifi da rabin buhun tattasai na goggo.