Masu Gudun Sanyi: 'Yan Fanshon Kanada Da Hanyar Fulorida

A wannan watan za mu tsallake teku mu leƙa wani ɗan gari da ke bakin ruwa a kudancin jihar Fulorida ta Amurka, arewa kaɗan da birnin Miyami. Sunansa Hollywood, amma ba shi ne na 'yan fim ba, wancan yana can jihar Kalifoniya. Abin da ya sa muka zaɓe shi kuwa, shekara da shekaru duk wanda ya bi bakin tekun garin cikin watan Janairu, Faransanci zai riƙa ji tamkar yana Montiriyal. Mutanen lardin Kebek na Kanada ne ke cika masaukansa da na maƙwabcinsa Hallandale, har suna da jaridarsu ta Faransanci, Le Soleil de la Floride.

Turawa na kiran waɗannan baƙi "tsuntsayen ƙanƙara". Mu nan shamuwa muka sani, mai zuwa da damina ta tafi da kaka. To su da sanyi suke tafiya. Akasarinsu 'yan fansho ne, kuma an ƙiyasta sun kai miliyan ɗaya. Da watan Nuwamba ya kama sai su kulle gidajensu su nufi kudu, domin a gari irin Winnipeg sanyin Janairu yakan zarce digiri 20 ƙasa da sifili, tsoho kuwa ba ya son santsin ƙanƙara. Mutanen Ontariyo sukan haye gadar Ambassador zuwa Ditiroit su kama babbar hanya mai lamba 75, kwana biyu ko uku suna tuƙi. Na yammacin ƙasar kuma sukan gangara Arizona ko Kalifoniya. Doka ta ba su izinin zama har wata shida, sai Afrilu su koma gida. Wato dai cin rani ne, sai dai namu neman kuɗi suke fita, su kuwa kashewa suke zuwa yi.

Ana nan sai shekarar 2025 ta zo da nata. Donald Trump ya koma mulki ran 20 ga Janairu, ya yi ta nanata cewa gara Kanada ta zama jiha ta 51 ta Amurka. Ran 4 ga Maris ya ɗora harajin fito na kashi 25 cikin 100 a kan kayan Kanada, ita ma ta rama. Firayim Ministan lokacin, Justin Trudeau, ya roƙi mutanensa su sayi kayan gida, su yi hutu a gida. Maganar ta shiga. Hukumar ƙididdiga ta Kanada ta nuna cewa a watannin Maris, Afrilu da Mayu na 2025, masu dawowa daga Amurka da mota sun ragu da fiye da kashi 30 cikin 100 in an kwatanta da 2024.

Ban da fushi, akwai takarda. Daga 11 ga Afrilun 2025 aka wajabta wa baƙon da zai yi kwana 30 ko fiye ya yi rajista da gwamnatin Amurka, wanda ya ƙi kuwa yana iya shan tara ko ɗauri. Cike takardar ba wani aiki ba ne. Abin da ya yi wa tsofaffin ciwo shi ne, mutum ya shekara ashirin yana shiga gidan maƙwabci da sallama kawai, yau a ce ya tsaya a zaure a rubuta sunansa.

Sannan ga aljihu. A farkon 2025 dalar Kanada ba ta wuce wajen santi 70 na Amurka ba, alhali fansho da kuɗin gida ake biyansa, haya da cefane kuwa da dalar Amurka. Inshorar lafiya dole ce, domin asibitin Amurka tsada gare shi, kuma kuɗinta ƙaruwa yake yi da shekarun mutum. Masu gidan kansu a Fulorida sun ga inshorar gida tana hawa, ga guguwar Helene da ta Milton da suka yi ɓarna a 2024. Wasu dai sun sa gidajen kasuwa.

Ina suka nufa ke nan? Wasu Meziko, kamar garin Puerto Vallarta da bakin tafkin Chapala. Wasu kudancin Fotugal. Wasu ko fita ba su yi ba, sun tare a Osoyoos ko tsibirin Bankuba, inda sanyin Kanada ya fi sauƙi. Da yawa kuma sun koma inda suka saba, don mai shekara 75 ba ya sake abokai da likita a dare ɗaya. Masu masaukai da gidajen abinci na can kudu su ne suka ji a jikinsu, har garin Palm Springs na Kalifoniya ya rataya tutoci a titi cikin Afrilun 2025 yana cewa yana ƙaunar Kanada.

Mu da danginmu ke warwatse a ƙasashe, wannan labari ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun ga yadda Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da yadda aka toshe hanyoyin Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Saurayi in an rufe hanya bana, ya ce baɗi. Dattijon da ya ajiye aiki yana tara guzurin zuwa ganin 'yan'uwa, shi ya san huntururan da suka rage masa ba su da yawa. Iyakar Kanada da Amurka ta kai kusan kilomita 8,900, babu mai tsawonta a duniya, an kuma daɗe ana misali da zaman lafiyarta. Amma ko harshe da haƙori sukan saɓa.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Sai dai ƙafar nan tana bukatar buɗaɗɗiyar hanya, da kuɗin da bai karye ba, da fuskar da za ta ce maraba.