Mujallar Ƙarshen Shekara da Masu Son Wasan Kwaikwayo

Wasan dandamali abu ne mai gajeren rai. Da an ja labule jama'a sun watse, sai dai labari. Don haka ne a Amurka aka fara buga wani littafi mai suna Theatre World tun 1945, wanda kowace shekara yake tara hotuna da sunayen waɗanda suka hau dandamali a birnin New York. A wajenmu kuwa, ƙasar Funtuwa da Malumfashi, abin da ya tsaya a madadinsa shi ne mujallar ƙarshen shekara ta makarantun kwana.

Mahaifina yana da guda uku na shekarun 1970, yana ajiye da su cikin akwatin ƙarfe tare da takardun gona. Kowace tana da shafi biyu na ƙungiyar wasan kwaikwayo: hoto ɗaya mai dishi-dishi, da jerin sunaye a ƙasa. A ɗaya an yi Uwar Gulma na Mohammed Sada. Da yake makarantar ta maza ce zalla, wani saurayi ne ya ɗaura zane da kallabi ya fito a Halima, alƙali kuma ya manna gemun auduga, wadda dama ba tsada take yi mana ba. Idan kaka ta yi, abokan Baba suka zo hira, sai a ɗauko ta a yi ta gardamar wanda ya manta maganarsa da wanda ya sa shugaban makaranta dariya. Mutanen da suka haura sittin sai ka ga sun koma yara.

Littattafan wasannin dai suna nan. Ko yau ɗalibi zai sami Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, ko Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina wanda ya fito a 1979. Amma littafi ba ya faɗin wanda ya fito a wasan, ko shekarar da aka yi shi, balle irin shigar da aka yi. Wannan sai mujallar. Ga shi Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya bi shi a 2023, waɗanda suka yi wasa a makarantu kuwa ba mai ƙirga su. Gara ta riga ta cinye bangon ɗaya daga cikin namu.

Ina roƙon malamanmu su sa kowane ɗalibi da zai tafi hutu ya binciki akwatin gidansu, ya ɗauko hoton waɗannan shafuka, a tara su a ɗakin karatun Sashe.