"Babu Sabis" Ba Amsa Ba Ce

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta.

Idan intanet ya ƙi, amsarmu ɗaya ce: "babu sabis." Daga ɗan aji ɗaya har mu da muke digiri na biyu, haka muke cewa, sai mu kashe data mu kunna, mu ɗaga waya sama kamar masu neman wata. Ni dai hankalina ya daina kwanciya da wannan amsar tun da na zauna na haɗa wata tsohuwar kwamfuta da intanet da hannuna.

Kwamfutar ta yayana ce, 'yar gwanjo, RAM ɗinta gigabait 2 kacal. Kun san Microsoft ta tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, ita kuwa Windows 11 ba ta hawa kan irin waɗannan tsofaffin. Wato da yawa daga cikin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai an riga an yi musu sallama. Kuɗin sabuwa kuwa, kowa ya san yadda kasuwa take.

Sai na sa mata Haiku. Babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta, kamar Windows ko Linux, amma 'yan sa-kai ne ke gina ta don sha'awa. Sun fara a 2001 don raya wata tsohuwar manhaja mai suna BeOS, kuma a Satumban 2024 suka fitar da zubin gwaji na biyar. Kyauta ce, ba ta buƙatar ko gigabait ɗaya. Wallahi kwamfutar da take nishi kafin ta buɗe sai ga ta tana tashi cikin daƙiƙoƙi. Amma fa babu intanet. A nan karatun ya fara.

Mataki na farko, sai manhajar ta gane na'urar Wi-Fi da ke cikin kwamfutar, wato sai akwai direbanta. Mutanen Haiku ba su da yawa, don haka yawancin direbobin sadarwarsu aro ne daga FreeBSD da OpenBSD. Tawa na'urar tana buƙatar wani ƙaramin fayil da ba ya zuwa tare da manhajar, sai an sauko da shi. Ka ji fa, sai kana da intanet za ka samu abin da zai ba ka intanet! Mafita tana aljihuna. Na jona wayata ta Android da kebul, na kunna raba data ta USB, Haiku ta ɗauki wayar a matsayin layin sadarwa. Ta nan na sauko da fayil ɗin, Wi-Fi ya farka.

Mataki na biyu, adireshi. Duk na'urar da ta shiga sadarwa sai an ba ta lamba, adireshin IP, kuma tsarin da ke raba lambobin shi ne DHCP. Na buɗe Terminal na rubuta ifconfig, na ga lamba da ta fara da 192.168, na san waya ta karɓe ni. A Windows ma, duk wanda ya ga lambarsa ta fara da 169.254, to ba a ba shi adireshi ba ne, kwamfutar ce ta laƙaba wa kanta.

Mataki na uku, ƙofar fita. Samun ɗaki a gida daban, sanin hanyar zaure daban. Na rubuta ping 8.8.8.8, wadda lambar wata na'urar Google ce. Amsa ta dawo, ke nan saƙona yana fita waje yana komowa.

Mataki na huɗu, sunaye. Kwamfuta ba ta san google.com ba, lamba ta sani. DNS shi ne mai fassara suna zuwa lamba. Ranar da shafuka suka ƙi buɗewa alhali ping yana amsawa, na san a nan matsalar take. Na shiga saitin sadarwa na sa 1.1.1.1 da hannu, WebPositive ta buɗe shafi nan take.

Direba, adireshi, ƙofa, suna. Matakan nan huɗu suna cikin kowace waya da kowace kwamfuta da ke hannunmu, an dai lulluɓe su ne don kada a dame mu. Tabbas wani lokacin sabis ɗin ne da gaske babu. Amma sau nawa muka biya mai gyara, ko muka sake sayen data, a kan abin da minti biyu zai warware? Kuma data ba ta da araha, tun da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Ban ce ka goge Windows ana saura wata guda ka kare bincikenka ba. MATLAB da SPSS ba sa aiki a Haiku, kuma malamin da ke duba aikinka ba zai saurari wannan uzurin ba. Sa ta a filashi, ka tayar da kwamfutar daga nan, fayilolinka suna nan ba a taɓa su ba. Wanda Haiku ta yi masa nisa ya fara da Linux. Ita ma ai a 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fara ta a matsayin abin sha'awa kawai, ga shi yau a kanta Android ɗin da ke hannunka take tsaye.

Abin da ke damuna shi ne, jami'ar fasaha muke, amma da yawanmu za mu fita da shaidar digiri ba mu taɓa leƙa cikin abin da muke latsawa kullum ba. Gobe a wurin neman aiki za a ajiye maka kwamfutar da ta ƙi haɗuwa a ce gyara, kuma ba za a tambaye ka makinka ba. Ƙannena 'yan aji ɗaya da biyu, maza da mata, ku ne kuke da lokacin. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Duk mai tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin gado ya kakkaɓe ta, ya nemo filashi da kebul. Wanda ya maƙale ya faɗi a wane mataki ne cikin huɗun, mu duba tare.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu gama lafiya.