Garanti a kwalin bindiga

Bindiga ma garanti ake ba ta. A Amurka, idan mutum ya sayi bindigar farauta, a kwali ake miƙo masa ita, da ɗan littafin bayani da takardar alkawarin gyara, kamar yadda ake ba ka idan ka sayi janareto. Ranar da ta ba da matsala, sau da yawa mai shago ba ruwansa. Kamfani mutum zai kira a waya, a ba shi lamba, ya naɗe bindigar ya aika, ya koma gida ya zauna jira. Abin da ke faruwa a cikin jiran nan shi nake so mu duba, maƙwabci.

Ga kamfanin Remington. Tun 1816 ya fara ƙera bindigogi a yankin Ilion na jihar New York. A 1962 ya fito da Model 700, wadda mafarauta suka runguma hannu biyu, har sojoji da 'yan sanda suka ɗauka. An sayar da miliyoyinta.

Kunamarta wani injiniyan kamfanin ne, Mike Walker, ya tsara ta tun a shekarun 1940. A cikinta akwai wani siririn ƙarfe, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Yana zaune ne tsakanin kunama da ƙarfen da ke riƙe allurar da ke bugun harsashi. Ba a manne shi da kunamar ba, sifirin ne kawai ke danne shi. Masu ƙorafi suka ce idan datti ko tsatsa ko busasshen mai ya shiga tsakani, ƙarfen nan kan ƙi komawa mazauninsa. Daga nan makullin kariya ne kaɗai ke riƙe da bindigar. Kana ture makullin sai ta tashi, yatsanka ko kusa da kunama bai je ba. Kafin 1982 kuwa, ba ka iya fitar da harsashi daga cikinta sai ka buɗe wannan makullin.

Walker da kansa ya hango haɗarin. A 1948 ya rubuta wa shugabanninsa yana neman a ƙara abin da zai tokare kunamar idan an kulle. Aka yi lissafi, kuɗin ya kama santi 5 da rabi a kan kowace bindiga. Ba a yi ba. Takardun sun fito fili daga baya, tashar talabijin ta CNBC ta nuna su a 2010, ta kuma yi hira da Walker yana tsoho mai shekara sama da 90.

Koke-koke sun yi ta zuwa, dubbai. Yi tunanin hanyar da kowane ɗaya ya bi. Mafarauci ya rubuta cewa bindigarsa ta tashi ita kaɗai, ta huda rufin mota ko bangon ɗaki. Ta isa masana'anta. Ma'aikaci ya ɗora ta kan tebur mai tsafta, ya kulle ya buɗe, ya kulle ya buɗe, ba ta tashi ba. Sai amsa ta koma cewa an gwada, ba a ga abin da ya faɗa ba. Aibin da ke zuwa jefi-jefi ba ya jiran ranar gwaji, kuma maƙera sun fi kowa sanin haka. Kamfanin bai taɓa yarda akwai aibi a tsarin ba. Ya ce rashin wanki ne, ko mai ita ya taɓa sukurorin kunamar, ko yatsansa ya ja bai sani ba. A wasu lokutan hakan gaskiya ne. Amma amsa iri ɗaya ga mutum dubu da ba su san juna ba, ni dai ban kira ta bincike ba. Sallama ce.

A shekarar 2000, a jihar Montana, wata uwa tana ƙoƙarin fitar da harsashi daga bindigarta bayan farauta. Ta ce tana ture makullin bindigar ta tashi. Harsashin ya ratsa tirelar dawaki ya sami ɗanta mai shekara 9 da ke ɗaya gefen. Yaron ya rasu.

Za ka ce ina hukuma? Amurka na da hukumar kula da lafiyar kayan masarufi tun 1972. Tana iya sa a janye kujerar jarirai ko na'urar gasa burodi daga kasuwa. Doka ta cire bindigogi daga huruminta. Janye bindiga mai aibi ganin damar mai ƙera ta ne, ko kuma a haɗu a kotu.

A kotun aka haɗu. A ƙarshen 2014 kamfanin ya amince zai sauya kunama kyauta, a wata yarjejeniya da ta shafi bindigogi kimanin miliyan 7 da rabi, ba tare da ya amsa laifi ba. Wata kotun tarayya a Kansas City ta sa hannu a watan Maris na 2017. A lokacin, waɗanda suka nemi gyaran ba su wuce kimanin 22,000 ba. Alƙalin ma ya nuna damuwa da ƙarancin.

Ni ban yi mamaki ba. Sai ka ji labarin tukuna. Sai ka cika fom, ka nemo lambar da aka buga a jikin ƙarfen, ka rabu da bindigarka na makonni, alhali lokacin farauta da kaka yake zuwa kuma ba ya daɗewa. Wanda zai gyara ɗin kuma shi ne mai cewa ba abin da ya lalace. Wa zai yi wannan wahala don gyaran abin da aka rantse masa lafiyarsa ƙalau? Masu tsofaffin samfura irin su 721 da 722 ba a ma yi musu gyara ba. Takardar rangwamen dala 10 aka ba su, su sayi wani kayan kamfanin. Lauyoyin masu ƙara sun karɓi dala miliyan 12 da rabi.

Sabuwar kunamar da kamfanin ya fito da ita tun kafin wannan yarjejeniya, X-Mark Pro, ita ma an janye ta a watan Afrilun 2014. Gam ya yi yawa a cikin wasu daga waɗanda aka haɗa tun daga 2006.

A 2016 kamfanin ya cika shekara 200, ya sanar da garanti na tsawon rai a kan sababbin bindigoginsa. A 2018 bashi ya karya shi. A 2020 ya sake karyewa, aka yi gwanjonsa gunduwa-gunduwa: wani ya ɗauki sashen harsashi, wani ya ɗauki masana'antar Ilion, kamfanin Ruger ya sayi sunan Marlin da ke ƙarƙashin Remington. Mai saye a irin wannan gwanjo suna da injuna yake saye. Mai riƙe da tsohuwar takardar garanti kuwa ya koma ƙarshen layin masu bin bashi.

Shi Ruger ɗin ba ya sa takardar garanti a kwalinsa sam. A littafin bayaninsa yake faɗa wa mai saye cewa dokar garanti ta Magnuson-Moss, wadda aka yi a 1975, ba ta tilasta masa ba, don haka bai rubuta ba. Duk da haka a bakin maharban Amurka yana cikin waɗanda ake yabo da gyara idan an aika musu.

An rufe karɓar fom ɗin sauya kunamar Remington a watan Afrilun 2020. An rufe masana'antar Ilion a watan Maris na 2024. Mafi yawan bindigogin nan ba a taɓa kai su gyara ba, kuma ana ci gaba da sayar da su hannu da hannu.