Gidan gona da maganar "kiwo bai karɓe ni ba"

A gefen manyan biranen Arewa, a kan hanyar Kano zuwa Zariya, ko ta Kaduna zuwa Kachiya, ko a bayan garin Katsina, akwai wani irin gida da ya yawaita a 'yan shekarun nan. Fili ne da bai wuce fuloti huɗu ko shida ba, an kewaye shi da katangar bulo. A ciki akwai rumfar awaki da tumaki, da akurkin kaji, da 'yan zabbi da agwagi suna yawo, wani lokaci har da kejin zomaye ko tankin kifin tarwaɗa. Mai wurin galibi ma'aikaci ne: likita, ko malamin jami'a, ko ma'aikacin banki, ko darakta a wata ma'aikata. Ba da gonar yake ciyar da iyalinsa ba, albashinsa ne ma yake riƙe da ita. Burinsa ya samu ƙwai da nama na gida, ya fitar da ragon layya daga garkensa, ya kai yara su sha iska ranar Asabar, sannan idan ritaya ta zo ya tarar da abin dogaro.

Sau da yawa idan aka koma irin wannan wuri bayan shekara biyu ko uku, sai a tarar rumfa ta zama kufai, mai gadi kaɗai ya rage. Idan aka tambayi mai gonar, amsar da aka fi ji ita ce: "Kiwo bai karɓe ni ba." Maganar tana da sanyaya zuciya, domin ta ɗora asarar a kan rabo. Sai dai wanda ya bi aikin gidan gona daga asuba zuwa magariba, ya kuma bi shi daga kaka zuwa kaka, zai ga cewa mafi yawan abin da ake kira rashin karɓa yana da suna, yana kuma da ranar da ya fara.

Aikin farko na safiya kallo ne. Kafin a zuba dusa ko a ɗebo ruwa, mai kula da dabbobi yakan tsaya ya dubi garken yadda ya kwana. Akuya da tunkiya da kaza duk halittu ne da a dawa farautarsu ake yi, saboda haka suna ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinsu. Alamun farko ƙanana ne: tunkiyar da ta ware gefe ta sunkuyar da kai, akuyar da ta daina tuƙa, majina a hanci, danshin zawo a gindin wutsiya, kazar da ta saki fukafukai ta ƙi fitowa tare da 'yan'uwanta. Dabbar da aka gano da safe tana da damar warkewa. Wadda ba a lura da ita ba sai bayan kwana uku, sau da yawa wuƙa ce maganinta, kuma kafin nan ta riga ta shafa wa na kusa da ita.

Daga nan sai ruwa. Ana zubar da na jiya, a wanke kasko da kwami, domin ruwan da kashin kaji ya faɗa ciki hanya ce ta cuta. Sai abinci, kowane jinsi a wurinsa. Sai shara: ƙasan rumfa idan ya jiƙe da fitsari yakan ruɓar da kofato, kashin kaji kuwa idan ya taru yakan fitar da wani wari mai yaji da ke illata idanu da huhun kajin. Da rana, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafi a Kano da Sakkwato kan haura digiri 40, aikin yakan koma neman inuwa da sauya ruwa. Kaza ba ta gumi, haki take yi don ta huce, zomo kuwa ya fi ta rashin jure zafi. Da magariba sai ƙirga da kullewa, saboda muzuru da tunku da gafiya da maciji, da kuma ɓarawo mai ƙafa biyu. Ba a tsallake ko ɗaya daga cikin waɗannan don ranar Sallah ce ko don ana biki a gari.

Wahalar haɗa dabbobi iri-iri ita ce kowanne da nasa lissafin kwanaki. Akuya da tunkiya suna ɗaukar ciki na kimanin wata biyar. Zomanya tana haihuwa bayan kwana 31 ko kusa da haka. Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa a kwana 21, na zabuwa a 26 zuwa 28, na agwagwar gida a 35, na tattabara a kusan 18. Zabuwa da damina take zuba ƙwai, kuma ba ta da haƙurin kwanci, shi ya sa tun kaka da kakanni ake sa wa kaza ƙwanta. Babu ƙwaƙwalwar da za ta riƙe duk wannan tare da ranakun rigakafi da na maganin tsutsar ciki. Littafin rubutu na 'yan makaranta da aka rataye a sito, ana rubuta ranar barbara da ranar haihuwa da abin da ya mutu da abin da aka saya, ya fi yawancin kayan da ake kashe wa kuɗi a gidan gona amfani.

Babban abin da ke cinye aljihu shi ne abinci, kuma lissafinsa ba shi da wuya. Masana kiwo sukan ƙiyasta cewa akuya ko tunkiya tana cin busasshen abinci da ya kai kusan kashi 3 cikin 100 na nauyinta a kowace rana. Idan mutum yana da dabbobi 20 masu nauyin kilo 30 kowace, yana bukatar kimanin kilo 18 a rana. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Mayu, watanni bakwai ke nan da babu ɗanyar ciyawa, jimillar ta kusa tan huɗu. Kazar gidan gona mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, wato kaji 50 za su cinye buhu mai kilo 25 cikin kwana huɗu da ɗoriya. Wanda bai yi wannan lissafi ba kafin ya sayi dabbobin, zai yi shi daga baya da kuɗin makarantar yara.

Saboda haka shekarar mai kiwo da kaka take farawa. A lokacin ne harawar wake da ta gyaɗa suke da araha, a lokacin ake tara kowa da ingirici da karan dawa, a ɗora su a kan rumfa inda gara da danshi ba za su kai gare su ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai bazara, zai sayi ƙullin harawa da ninkin kuɗinsa, a daidai lokacin da dabbobin suka fi rama. Manoman karkara suna da mataimaki a itacen gawo, wanda ke kaɗe ganyensa da damina ya fitar da sabo da rani, 'ya'yansa kuma abinci ne mai ƙarfi ga tumaki. Abin takaici, sau da yawa gawon da ke filin shi ake fara sarewa idan za a ja katanga. Ga kuma wani lissafin: Babbar Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. A 2024 ta zo a tsakiyar Yuni, a 2025 a farkonsa. Ma'ana, watanni ukun da ake turke rago don layya yanzu suna faɗawa cikin tsakiyar tsadar abinci da tsananin zafi, kuma haka za a ci gaba na wasu shekaru.

Haɗa dabbobi yana da fa'idarsa. Akuya ta fi son ganyen sama, tunkiya ta fi son ciyawar ƙasa, don haka ba su cika takura wa juna ba. Kaji suna tsince hatsin da ya zube da kaskar da ta faɗo. Zabbi suna tayar da ƙara idan baƙon abu ya shigo. Takin duka yana komawa ga 'yar gonar masara ko zogale da ke gefe, albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko. Amma haɗarin ma daga wannan kusanci yake fitowa. Akuyar da ta samu ƙofar sito a buɗe ta cika cikinta da abincin kaji ko tsabar masara tana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, domin hatsin yakan yi tsami a tumbinta ya zama guba. Ledar da iska ta kwaso ba ta narkewa a cikin dabba, sai ta taru, dabbar ta yi ta ramewa ana ta ba ta magani a banza. Agwagi kuwa suna ɓata ruwan sha, kuma suna iya ɗaukar ƙwayar murar tsuntsaye ba tare da sun nuna alama ba.

Tarihin kusa ya isa gargaɗi. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. A watan Yulin 2023 hukumomi suka tabbatar da cutar antiraks a wata gona mai shanu da tumaki da awaki a yankin Suleja na Jihar Neja. Wannan cuta tana kama mutane, shi ya sa dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci ko ta dubura ba a feɗe ta, ba a kuma cin namanta, likitan dabbobi ake kira. Cututtukan da suka fi share ƙananan gonaki dai biyu ne. Ta farko ita ce PPR, mai kama awaki da tumaki da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, wadda aka fara bayyana ta a Kwaddibuwa a 1942, kuma hukumomin duniya suka sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita. Ta biyu ita ce Niyukasil, wadda ke share kajin gida musamman da hunturu, ana ganin koren zawo da murɗewar wuya.

Duka biyun suna da rigakafi, kuma a gida ake yin sa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda ta faro tun 1924, tana sarrafa su. Allurar PPR da ake amfani da ita a ƙasashe da dama an samo ta ne daga ƙwayar cutar da aka ware a Nijeriya a 1975, kuma allura ɗaya tana ba da kariya ta aƙalla shekara uku. Na Niyukasil ana maimaita shi duk bayan wata uku zuwa huɗu. Sharaɗin shi ne maganin ya iso da sanyinsa, domin kwalbar da ta wuni a cikin mota a rana ta zama ruwa kawai. Sai kuma doka ɗaya da ake yawan karyawa: duk dabbar da aka sayo daga kasuwa, ko Wudil ce ko Maigatari ko Potiskum, a keɓe ta mako uku kafin ta shiga garke. Kasuwa mahaɗar dabbobin garuruwa da yawa ce, mahaɗar cututtukansu ce kuma. Rago ɗaya mai kyan gani da aka sauke daga mota kai tsaye zuwa rumfa ya isa ya kwantar da garken da aka yi shekara uku ana tarawa.

Zaɓen iri ma yana cikin lissafin. Ana yayin manyan awakin Afirka ta Kudu irin su Bowa da Kalahari, kuma suna da kyan gani a hoto. Amma jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta ratsa Sahara har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, ta saba da zafin nan da ƙarancin abincin nan, kuma tana yawan haihuwar tagwaye. Haka tumakin Yankasa da Uda da Balami. A ɓangaren kaji, cibiyar binciken kiwo da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta samar da kazar ƙwai mai suna ShikaBrown don yanayin ƙasar. Mai koyo ya fi dacewa ya fara da dabbar da za ta yafe masa kuskurensa.

Duk wannan aiki a hannun mutum ɗaya yake, kuma ba mai gonar ba ne. Wani saurayi ne ko magidanci da aka ɗauko daga ƙauye, yana kwana a ɗaki ɗaya kusa da ƙofa, shi ne mai gadi, shi ne makiyayi, shi ne mai shara. Mai gida yakan kira shi a waya daga ofis: "Malam, yaya dabbobi?" Shi kuma ya amsa: "Lafiya ƙalau, ranka ya daɗe." Ba lallai ƙarya yake yi ba. Sau da yawa ya taɓa kawo labarin mutuwar ɗan akuya aka zarge shi da sayarwa, sai ya koyi yin shiru. Ba a bar masa kuɗin ko-ta-kwana ba, ba shi da lambar likitan dabbobi, ba shi da izinin yanke shawara, albashinsa kuma yakan makara. Karkara tana da tsohuwar dabara a kan wannan: idan aka ba mutum kiwo, yana da rabo a cikin 'ya'yan da aka haifa. Wanda ya san ɗaya daga cikin 'yan awakin nan nasa ne zai tashi cikin dare idan ya ji kuka.

A cikin gidajen birni da ƙauye akwai matan da suka shekara ashirin da awaki uku ko huɗu a turke a tsakar gida, suna ba su dusa da ƙasari da ɓawon wake, daga cikinsu suke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Ba su da rijiyar burtsatse, ba su da katangar bulo. Abin da suke da shi shi ne suna ganin dabbobinsu sau goma a rana, kuma ba su tara fiye da abin da za su iya ciyarwa ba. Ma'aikacin da ke shirin zuba kuɗin sallamarsa a gidan gona zai amfana idan ya fara da tambayar kansa sau nawa a mako zai iya taka wurin da ƙafarsa, da kuma harawar wata nawa zai iya ajiyewa kafin kaka ta wuce. Amsar waɗannan biyun ita ce adadin dabbobin da ya kamata ya saya.